Majalisarmu da Gudun Haske

Mu mutane ne masu son musu, kuma ba mu ɗauki hakan aibi ba. Kowace unguwa ka shiga, a Kano ne ko Katsina ko Damagaram, da an idar da sallar isha'i za ka same mu inda muka saba: samari a kan dakali, magidanta a benci gaban teburin mai shayi, dattawa a tabarma sun jingina da bango. A da, hirar ba ta wuce siyasa da farashin masara da ƙwallon Turai da wanda ya ƙara aure. Amma tunda waya ta shiga aljihun kowa, majalisa ta samu sabon abin ja-in-ja. Wani zai kalli ɗan bidiyo na minti ɗaya a kan taurari, wani kuma yaronsa ne zai dawo daga makaranta da tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai a ƙunso a kawo mana. Ta haka sunan Einstein ya zama ɗan gida a wurinmu, har a bakin waɗanda rabonsu da aji tun firamare.

Ni wannan sauyi daɗi yake yi mini, don tambayoyin da ake kawowa masu nauyi ne. Wadda aka fi kai ruwa rana a kanta, direban tirela ne ya jefo ta, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tuƙin dare tsakanin Kano da Legas. Ya dubi malamin sakandaren da ke zama da mu ya ce, "Malam, don Allah warware mini wannan. An ce babu abin da ya fi haske gudu. To ga ni na taka mota tana kan ɗari, na kunna fitila. Ai hasken ya samu ƙari ke nan, ga gudunsa ga na mota. Ko kuwa?"

Kowa ya ce ƙwarai, haka ne. Hankali ma haka ya ba mu. In yaron mota yana bisa kaya ya wurga guntun rake gaba, wanda ke tsaye a bakin titi zai ga raken yana tafiya da ƙarfin jifa haɗe da gudun mota. Malam ya ce a kan rake an faɗi gaskiya, amma haske ba ya bin wannan lissafi. A sararin da babu komai, haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda, abin da ya isa ya zagaye duniya sau bakwai da rabi. Kuma adadin nan shi za ka samu kana tsaye, shi za ka samu kana bin hasken a guje, shi za ka samu in ka taho da gudu ka tare shi. Mota ba ta ƙara masa, ba ta rage masa.

Nan majalisa ta kaure. Tela, wanda tef ɗin awo ba ya rabuwa da wuyansa ko da dare, ya ɗaga murya ya ce, "Haba Malam! Wa ya auna?"

Wannan tambaya muna yawan yin ta, kuma galibi da ita muke kashe magana. A ce tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, mu ce wa ya auna, a kwashe da dariya, a koma zancen zaɓe. Wani ya ɗora da cewa shaci-faɗin Turawa ne, wani ya ce ikon Allah ya fi gaban mamaki, ya kaɗe riga ya nufi gida. Tambayar kanta ba ta da laifi ko kaɗan. A ganina babu wadda ta fi ta kyau a duk abin da muke faɗa. Inda muke kuskure shi ne ba ma tsayawa mu ji amsa. Mu da aka tarbiyyantar a kan kada mu karɓi hadisi sai mun ji wanda ya ruwaito, bai dace mu jefa wannan tambaya mu tashi ba, alhali amsarta na nan da sunaye da shekaru da kayan aikin da aka yi amfani da su.

Tun shekara dubu da ta wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abin da ake kallo ya shiga ido, ba ido ne ke harba shi ba. Yana kuma ganin cewa haske na ɗaukar lokaci kafin ya isa, ko da ido ba ya iya lura. Hujjar awo ba ta samu ba sai a 1676, lokacin da wani ɗan Denmak mai suna Ole Rømer, yana aiki a Faris, ya sa ido a kan ɗaya daga cikin watannin da ke zagaya duniyar Mushtari. Watan yana shiga inuwar Mushtari a kan ƙa'ida, kusan kowace awa 42 da rabi. Amma in duniyarmu ta yi nisa da Mushtari sai a ga abin ya makara da mintoci, in ta matso sai ya zo da wuri. Rømer ya gane cewa watan bai makara ba, labarinsa ne ya daɗe a hanya, saboda hasken ya samu ƙarin tafiya.

Wanda ya fi burge tela shi ne Bafaranshe Fizeau, don shi a doron ƙasa ya yi nasa awon, da kayan da maƙeri zai gane. A 1849 ya yi amfani da faifan ƙarfe mai haƙora 720, ya ajiye madubi a nisan sama da kilomita 8, ya riƙa harba haske ta tsakanin haƙoran. Haske zai fita ta wata kafa, ya je madubi, ya dawo. In faifan na juyawa a hankali, sai ya shige ta kafar da ya fita. In aka ƙara wa faifan gudu har haƙori ya matso ya toshe kafar kafin hasken ya dawo, sai mai kallo ya ga duhu. An san nisan madubi, an san saurin faifai, saura lissafi. Abin da ya samu ya ɗara adadin da aka sani yau da kusan kashi 5 cikin ɗari kacal.

Tambayar direba kuwa an gwada ta tun 1887. Michelson da Morley a Amurka suka yi la'akari da cewa duniya ba a tsaye take ba, tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan. In tafiyar na shafar haske, hasken da aka harba ta inda duniya ta dosa zai bambanta da wanda aka harba a gicciye. Suka jera madubai a kan wani faffaɗan dutse da ke yawo a kan zaiba, suka juya shi ta kowace fuska, ba su ga bambancin da suke nema ba. Masana suka yi ta kai-kawo har 1905, lokacin da Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, ya ɗauki rashin canzawar gudun haske a matsayin tushe, ya bi abin da ya biyo baya duk inda ya kai shi. Yau an aminta da adadin har ta kai, tun 1983, da shi ake ayyana tsawon mita: nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na sakan. Incin da ke jikin tef ɗin tela santimita 2.54 ne, ke nan duk rigar sallar da ya yanka, awonta a kan gudun haske ya dogara.

Abin da ya biyo bayan kuwa shi ya fi tayar da ƙura a wurinmu. Gudu dai nisa ne da lokaci. In gudun haske ya ƙi canzawa, dole su biyun su canza. Malam yakan zana mana abin a ƙasa da tsinke, mai shayi na haska masa da tocilar waya. A ɗauka a cikin tirela an kafa madubi a ƙasa, wani a rufi, haske na kai-komo tsakaninsu, kowane zuwa da dawowa a ƙirga shi bugun agogo ɗaya. Na cikin mota yana ganin hasken na hawa da sauka a miƙe. Na bakin titi kuwa, da yake motar na tafiya, zai ga hasken na bin hanya a karkace, wadda ta fi tsawo. Hanya ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba, ke nan a wurinsa bugun agogon motar ya fi daɗewa. Kuma ba agogo kaɗai abin ya shafa ba: bugun zuciyar direba, da hucewar shayin da ke filas ɗinsa, da fitowar furfurarsa, duk tare suke jinkirtawa.

Direba ya shafa gemu ya ce, "Ashe shi ya sa na fi sa'annina ƙuruciya!" Aka yi dariya, sannan aka buga lissafi a waya. Da zai yi shekara 40 a kan ɗari, ba tsayawa ko shan mai, ribarsa ba za ta wuce kashi 5 ko 6 cikin miliyan na sakan ba. Shi ya sa ba mu taɓa lura ba, shi ya sa kuma hankalinmu ke turjewa: duk rayuwarmu ba mu san wani gudu da ya wuce na mota da jirgi ba. Sai an kusanci haske abin ke fitowa fili. A kashi 87 cikin ɗari na gudunsa, tafiyar agogo na raguwa da rabi. A kashi 99 da rabi, in Hassan ya tafi ya dawo da shekara 1 a agogonsa, zai tarar Husaini ya ci shekara 10. In ka ce ai shi ma Hassan zai iya cewa Husaini ne ya tafi ya bar shi, amsar ita ce Hassan ne ya taka birki ya juyo, kuma ya ji hakan a jikinsa. Husaini bai yi ba.

Wannan ma an auna. A watan Oktoba na 1971, Hafele da Keating suka ɗauki agogunan atom huɗu a jiragen fasinja, suka zagaya duniya da su ta gabas, sannan ta yamma. Da aka kwatanta su da waɗanda aka bari a ƙasa, a tafiyar gabas sun yi baya da kashi 59 cikin biliyan na sakan, a ta yamma sun yi gaba da 273, kuma duka biyun sun dace da abin da lissafi ya hango. Fuskokin sun bambanta ne domin duniya da kanta gabas take juyawa. A cikin lissafin har da ƙa'ida ta biyu da Einstein ya kammala a 1915, wadda ta nuna cewa ƙarfin jan ƙasa shi ma yana jinkirta lokaci, agogon da ke sama ya fi na ƙasa sauri.

Wanda bai gamsu ba ya duba wayarsa. Duk sanda muka ce wa wani "turo lokeshan", taurarin GPS ne ke aikin, daga nisan kilomita 20,000 da 'yan kai. Saboda gudunsu, agogunansu na yin baya da kashi 7 cikin miliyan na sakan kullum. Saboda nisansu da ƙasa, suna yin gaba da kashi 45. In ka cire, saura 38. A kunne kaɗan ne, amma haske na cin mita 300 a kowane kashi ɗaya, don haka da ba a gyara ba, kuskuren da zai taru ya kai kilomita 10 a rana guda. Injiniyoyi suna sa gyaran a cikin agogunan tun kafin a harba su.

A nan wani yakan ce, "To ashe kowa da gaskiyarsa ke nan, babu tsayayyen abu." Wannan fahimta ta yaɗu, kuma kuskure ce. Alhajin da ke harkar hatsi a Dawanau shi ya fi kowa iya gyara ta. Ya ce mudun wannan gari ba ɗaya yake da na wancan ba, buhu guda zai ba ka adadi biyu, amma hatsin bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san yadda zai juya wannan awo zuwa wancan. Abin da Einstein ya bayar ke nan: hanyar juya awon wani zuwa na wani daidai wa daida. Sannan akwai abubuwan da kowa ya yi tarayya a kansu. Gudun haske ɗaya ne ga kowa, kuma babu mai kallon da zai ga sakamako ya riga sababinsa.

Ba a daɗewa a wannan zance sai wani ya kawo Ashabul Kahfi da shekara 309 da suka yi a kogo, ko daren Isra'i da Mi'iraji, ya ce ga shi nan, Bature sai yanzu ya gano. Da kyakkyawar niyya ake faɗa. Wata rana aka juya ga limamin unguwa aka ce, "Allah ya gafarta Malam, me ka gani?" Ya ce, "'Ya'yana, mu'ujiza da karama keta al'ada ne. Wannan ilimi kuwa al'adar yake bi, wato yadda Allah ya tsara abubuwa su riƙa gudana kullum ga kowa. Mutanen kogo barci suka yi, ba gudu ba. Kada ku rataya imaninku a jikin lissafin wani, don lissafi ana gyara shi. Ku riƙe imaninku, ku yi karatunku, kowanne zai ƙara muku tsoron Allah." Na riƙe wannan magana, domin tana toshe ratse biyu da muke bi don guje wa wahalar fahimta: ko mu ce ƙarya ne, ko mu ce dama mun sani. Duka biyun suna tashin majalisa ba a ƙaru da komai ba.

Samari su kuma ta ɓangaren inji suke ɓullowa. "Malam, in aka samu injin da ya isa fa, da man da ba ya ƙarewa?" An gwada wannan ma. A kan iyakar Faransa da Suwizalan, cibiyar CERN na da zobe a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 27, inda ake kora ƙwayoyin furoton da wutar lantarkin da za ta ishi ƙaramin birni. Ana kai su kashi 99.9999991 cikin ɗari na gudun haske. Ratar da ta rage kusan mita 3 ce a sakan, wato gudun mai sassarfa. Amma ba ta rufuwa. Duk ƙarfin da aka ƙara ƙwayar na ɗauke shi, in ta yi karo ta fi ɓarna, sai dai gudun da take ƙarawa na ta ƙanƙancewa. Kafin abu mai nauyi ya cim ma haske sai an ba shi ƙarfi marar iyaka.

Labarin da na fi so mu riƙa tunawa shi ne na 2011. A watan Satumba, masu wani gwaji mai suna OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin niyutirino da aka harbo daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730 ta cikin ƙasa, sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na sakan. Jaridun duniya suka ɗauka, wasu har suna cewa ƙa'idar Einstein ta rushe. Masu gwajin kuwa baje awonsu suka yi, suka nemi a taya su dubawa. A farkon 2012 aka gano wata wayar faiba da ba ta zauna daidai a mahaɗarta ba. Aka gyara, aka sake awo, wasu ƙungiyoyin ma suka yi nasu, ratar ta ɓace. Ashe su ma masanan tambayar tela suke yi wa juna, sai dai su suna zama har amsa ta fito, ko da za ta kunyata su.

Wani awon ma a maƙwabtanmu aka yi shi. Ƙa'idar 1915 ta ce nauyin rana zai lanƙwasa hasken tauraron da ya wuce ta gefenta. Ba a ganin taurari kusa da rana sai an yi husufi, don haka ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington na Ingila ya kafa kayansa a tsibirin Principe, a Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma tana Sobral a Birazil. Gajimare ya so ya ɓata masa aiki, amma an samu hotunan da suka nuna taurarin sun ɗan gusa daga inda aka san su. Da aka sanar a Landan a watan Nuwamba, sunan Einstein ya cika duniya. Mu ma mun ga irin wannan duhu ranar 29 ga Maris 2006, da husufi ya ratsa ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar, hantsi ya koma magariba, masallatai suka cika. Mun yi salla, kuma daidai muka yi. Abin da ba mu yi ba shi ne zaunar da yara mu gaya musu yadda aka san ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo.

Nan ne abin ya fi damuna. Tambayoyi mafi kaifi daga cikin gida suke fitowa, kuma a can muke kashe su. Wani maƙwabcinmu ya ba mu labari cewa 'yarsa da ke babbar sakandare ta tare shi da cewa, "Baba, in rana ta ɓace yanzu-yanzu, yaushe za mu sani?" Ya ce mata ta cika surutu, ta je ta taya mahaifiyarta aiki. Amma tambayar ta hana shi sakat, ya kawo ta majalisa. Amsar ita ce sai bayan minti 8 da sakan 20, domin lokacin da hasken ke ɗauka ke nan kafin ya iso. Tambayar yarinyar ma ta fi haka zurfi: a cikin mintocin nan duniya za ta ci gaba da zagaya gurbin da ranar take, domin shi ma ƙarfin jan da gudun haske yake tafiya. An ga tabbacin haka a watan Agusta na 2017, lokacin da girgizar ƙarfin ja da haske daga karon wasu taurari biyu suka iso duniya da ratar da ba ta kai sakan 2 ba, bayan tafiyar kimanin shekara miliyan 130. Uban ya koma gida da amsa, washegari ya dawo da sabuwar tambaya: Kaza da 'Ya'yanta fa? Hasken da muke gani daga gare su ya baro can kimanin shekara 440 da suka wuce, sama da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Irin wannan yarinya, a makaranta haddar E=mc² za a ba ta don jarrabawa. Da wuya a ce mata ma'anarsa ita ce giram ɗaya na abu, in ya juye makamashi gaba ɗaya, ya kai yunit miliyan 25 na mitar wuta. Da wuya a gaya mata cewa a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004 a kan wannan ƙa'ida, ko cewa babbar jami'ar Yamai sunan masanin fiziks take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda ya yi fice a binciken makamashin rana. Ilimin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu saukowa su faɗe shi da Hausa, a rediyo da zaure da bakin titi, ga mutanen da suka riga suka nuna suna so. Malamanmu na jami'a da na sakandare, kowannensu a wata unguwa yake kwana. In ya fito bayan isha'i ya zauna a benci, zai tarar da ɗalibai sun riga shi zuwa.

Mu kuma akwai awon da za mu iya yi da kanmu, ba madubi ba faifai. In damina ta kama, a tara yara a cikin ɗaki, da an yi walƙiya a fara ƙirga sakan har tsawa ta iso. Hasken nan take yake zuwa, ƙara kuwa kusan mita 340 take ci a sakan, wato kilomita ɗaya a duk sakan 3. An ƙirga 9, hadarin na nisan kilomita 3. A walƙiya ta gaba an ƙirga 6, ya matso, a kwashe shanya. A sa 'yan mata da samari kowa ya rubuta nasa adadin, a kwatanta, a yi musu a kan wanda ya yi gaggawar ƙirga, a jira wata walƙiyar a sake. Yaron da ya taɓa auna nisan hadari da kansa ba zai yarda a kashe masa tambaya da dariya ba, kuma shi ma ba zai kashe ta ƙaninsa ba.